Jirgin Zinariya na Biyu

Sallama gare ku, mutanen wannan zaure. Masu turo mini saƙo cewa Hajiya kin cika jan rai, ku yi mini uzuri, da yatsa ɗaya nake danna wayar nan, idon kuma ya ga shekaru. Ga sababbin zuwa: sunana Fanne, 'yar Gashua ce ni, na yi shekara talatin da biyar ina riƙe da alli kafin na ajiye. Abin da nake ba ku ya faru ne a kakar 1986, lokacin ma muna cikin jihar Borno. Ina da shekara ashirin da ɗaya, ina koyar da 'yan aji biyar, an kuma riga an kawo goron tambayata daga gidan su Laminu mai gyaran rediyo na Nguru. Sa rana kawai ya rage.

Sai ga Maiturare.

Maiturare mace ce mai yawon gida-gida da kwalaben humra da turaren wuta, kuma kowace kwalba ta buɗe da labarin da ke biyo bayanta. Ranar Laraba ce. Hajja, mahaifiyata, tana shanya tattasai a tsakar gida, ni kuma ina gindin darbejiya da littattafan yara da jan biro.

"Wushe Hajja, wushe da aiki," in ji ta, ta sauke kwandonta. Ta ɗiga wa Hajja humra a bayan hannu, sannan ta rage murya, irin ragewar da ake yi don a ji. "Ashe surukin naku da 'yarsa?"

Hajja ta tsaya da tattasai a hannu. "Wane suruki?"

"Kina da biyu ne? Mai rediyo mana. Duk Nguru an sani. Yarinya ce ta kai sha ɗaya, an laƙaba wa yayansa Hamajoɗa. Kullum Asabar suna fili bayan tashar jirgin ƙasa, yana koya mata tuƙa wani jirgin sama na Turawa, ɗan ƙarami, mai tashi ba zare ba igiya. Yanzu ma an ce na biyu zai saya mata. Ke Hajja, 'yar wani ake saya wa jirgi har biyu, ga aure a gaba?"

Ban ɗaga kai ba. Amma na ba wani yaro maki goma a lissafin da bai ci ko ɗaya ba.

Kafin la'asar magana ta kai zaure. Baba bai yi faɗa ba, ba ya yi, shi ya sa ake tsoronsa. Ya kira ni, na durƙusa a bakin ƙofa.

"Ni ban hana mai 'ya aure ba," ya ce. "Abin da ba zan ɗauka ba, a zo zaurena, a zauna a kan tabarmata, a sha ruwana, a ɓoye mini. Na tambayi mutanensa ko akwai abin da ya kamata mu sani, suka ce babu. Juma'a ta sama zan aika a bincika. In ta tabbata, a mayar musu da kayansu."

Ku 'yan yanzu da sai ku ɗauki waya ku tambaye shi. Mu wasiƙa muke da ita, a hannun Kalli direban da ke jigila tsakanin Gashua da Nguru. Na shiga ɗaki na buɗe akwatina, na fito da wasiƙun Laminu guda tara daga ƙarƙashin zannuwa. Ta ƙarshen ga abin da ta ce:

"Malama, bayan gaisuwa. Ina cikin shawara kan jirgi na biyu. Na farkon ya gaji, matuƙiyar kuma ta fi ƙarfinsa. Ina neman wanda aljihu zai ɗauka, wanda kuma ba zai karya mata zuciya ba. Da kina kusa da kin taya ni da kanki na lissafi."

Sau uku na karanta wasiƙar nan a baya, dariya kawai ta ba ni. Ran nan kuwa da jan biro a hannuna na karanta ta. Na bi sauran takwas ɗin layi-layi. Ya ambaci yarinyar nan sau goma sha huɗu. Matuƙiya. Mutuniyar. Yarinyar gidanmu. Ko sau ɗaya bai rubuta sunanta ba. Mutumin da har sunan mai kawo masa batir daga Kano yake rubuta mini.

Na tuna kuma ran da na taɓa tambayarsa, muna zaune a zauren gidanmu, ko ya taɓa aure. Ya yi dariya, ya ce rediyon Baba tana shaƙewa, bari ya duba ta. Ya gyara rediyo, na yi ta murna. Sai a ranar na lura tambayata ba ta samu amsa ba.

Ni dai tun ina yarinya ba na son a ce mini "kowa ya sani." Kowa ya taɓa sanin cewa mace in ta wuce aji bakwai ba ta auruwa. Na ce wa Hajja zan je Nguru duba yayata Ya Meram da ke goyo. Ta kalle ni, ta kalli lafayar da na ɗauko mai ruwan ƙasa, da ɗankwalin siliki kore da Laminu ya ba ni toshin sallah.

"Ki gaida mai jegon," kawai ta ce. "Kuma ido ake kai wa, ba baki ba."

Asabar da hantsi na shiga motar Kalli, tsakanin buhun shinkafa da kwandon bandar kifi. Ya Meram ta tare ni da burabusko, ta saurari damuwata tana ba jariri nono.

"Ke dai Fanne da neman magana. Kowa ya san Zinariya 'yar Hamajoɗa ce, mai sayar da shanu. A gabanmu ta girma."

"A gabanki aka haife ta?"

"To ni ungozoma ce? Da ita suka zo daga wajen Jakusko tana goye."

"Matar Hamajoɗa ta ƙara haihuwa bayanta?"

Ya Meram ta gyara wa jariri kwanciya. "Haihuwa ta Allah ce," ta ce.

Da la'asar na tafi filin. Ban aika ba, ban sanar ba. Tun daga nesa na ji ƙara kamar ta babur ɗin da aka matse wa wuya, ga warin man zurma a iska. Na ɗaga kai. Wallahi jama'a, duk da abin da ke cina, sai da na buɗe baki. Wani abu ne mai tsawon hannu biyu, fari da faci-faci, yana kewaya saman gorubai a hankali kamar shirwa ta ƙoshi. A ƙasa kuma wata 'yar siririyar yarinya, ta ɗaure zani a ƙugu, ta rataya wani akwati mai doguwar eriya a wuya, manyan yatsunta biyu a kan 'yan sanduna. Abin da kuke kira rimot yanzu, to kakansa ke nan. Ba ta ƙifta ido.

Laminu yana tsaye taku biyu a bayanta, hannu a baya. Da ya gan ni sai da hularsa ta kusa faɗuwa.

"Malama! Saukar yaushe? Kalli bai ce mini komai ba."

"Kalli wasiƙa yake ɗauka, ba labarina ba. Ina wuni, Mai rediyo."

Na tsaya na kafa ido. Na duba kunnenta na duba nasa, na duba goshi, na duba tsayuwa. Akwai kama. Amma 'yar wa da ƙane dole su yi kama, wannan ba hujja ba ce, ko a gaban Baba ba zan kai ta ba.

Muna nan sai injin ya yi tari sau biyu ya mutu. Shiru ya sauka a filin. Jirgin ya sunkuyar da kai, ya nufo wani garken shanu da ke ƙetarewa zuwa kasuwa. Makiyayin ya ɗaga sanda yana ihu.

"Ke! Ke!" Laminu ya daka tsawa. "Kar ki ja sama, zai faɗo! Bar shi ya sha iska! Dama, ke, dama!"

Yarinyar ta karkata shi dama. Ya wuce kan ƙahon wani bijimi da ɗan kaɗan, ya sauka a yashi, ya yi tsalle ɗaya, fiffikensa ya daki kututturen goruba. Ƙas.

Ta ruga. Shi kuwa ya juya ga makiyayin: "Sabitu, yi haƙuri don Allah!" Ga sunan makiyayi ya fito tar a bakinsa. Amma a lokacin da zuciyarsa ta tsinke, lokacin da kowane mahaluki zai kira sunan wanda yake yi wa magana, "ke" ya ce. Har sau uku.

Kun san al'adar, ko da yake yanzu ta yi sanyi. Ɗan fari ba a kiran sunansa. Mu ma muna yi, amma mutanen su Laminu, Fulanin da suka zauna gari, sun fi kowa riƙe ta: uba zai mutu bai furta sunan 'yarsa ta fari ba. Sai dai ni ba na yanke hukunci da shaida ɗaya. Mutum yana ƙin kiran sunan yaro idan sunan mahaifiyar shi mutumin yaron ya ci. Na bi yarinyar inda take durƙushe tana tattara ɓaraguzan fiffike.

"Sannu matuƙiya. Yaya sunanki?"

"Zinariya." Ba ta kalle ni ba, tana haɗa karyayyen katako biyu ko za su koma. "Na yanka Aisatu."

"Sunan kakarki kika ci?"

"A'a. Kaka Hajjo ce." Sai ta ɗago. "Ke ce Malamar Gashua? Baffa ya ce kin iya lissafi. Kin ga ba laifina ba ne ko? Injin ne ya mutu."

"Na gani. Kin ma yi ƙoƙari."

Wannan ƙofa ta rufe ke nan. Na kwana gidan Ya Meram, abincin ma kaɗan na taɓa.

Lahadi da hantsi na same su a shagonsa, kusa da tasha. Rediyoyi a jere har rufi, wasu ba baya, wasu ba gaba, ga ƙarfen narka dalma a kan garwashi. Ya share teburi ya shimfiɗa gawar jirgin. Wani malamin kimiyya Ba'indiye ne ya bar masa shi da zai koma ƙasarsu, tare da wani littafin kaya mai hotuna da duk gefensa ya naɗe.

"To Malama, Allah ya kawo ki a kan gaɓa," ya ce. "Inji lafiyarsa ƙalau, datti ne ya toshe shi. Akwati lafiya, 'yan injunan da ke jan wutsiya ma lafiya. Gangar jiki ce ta ƙare. Hanya biyu ce a gabanmu."

"Ɗaya ce," in ji Zinariya. Ta zaro wani hoto daga ƙarƙashin littafin ta tura mini. Jan jirgi ne, mai tsinin hanci, an zana masa haƙora a baki. "Wani Bature ne a Kano zai tafi gida, yana neman kai da shi. Baffa da kansa ya ce araha ne. Har juyi yake yi a sama, Malama, ya kwanta rigingine!"

"Araha ne," Laminu ya ce, yana kallon teburi. "Ki duba inda fiffikensa yake, Malama. A ƙarƙashin ciki. Tsohon namu fiffikensa a sama yake, in ka sake shi da kansa yake daidaita, kamar guga a igiya. Wannan kuwa in ka yi kuskure ɗaya ba ya jira ka yi na biyu. Gudunsa ya ninka. Injinmu ba zai ja shi ba, kuma in ya fashe ba mai kayansa daga nan har Legas."

"Ba zan fasa shi ba!"

"A gaya wa mutuniyar, wanda ya fi ta shekara ashirin a tuƙi ma yana fasawa."

A gaya wa mutuniyar. Ga ta a gabansa, numfashinta yana taɓa hannun rigarsa.

"Ta biyun fa?" na tambaya.

Ya buɗe littafin ya nuna wani shuɗi. Shi ma fiffikensa a sama, amma miƙaƙƙe, da wasu 'yan leɓɓa a gefen baya masu motsi. "Wannan shi ne daidai ita. Ya fi na da kuzari, zai koya mata karkata da fiffike, ba da wutsiya kaɗai ba, kuma injinmu da akwatinmu za su hau. A kwali yake zuwa, mu haɗa. Bara da na yi oda da an wuce wurin. Bana kin san yadda naira ta yi. In na saye shi..." Ya sosa ƙeya.

"In ka saye shi lefe zai rame," na ƙarasa masa.

Zinariya ta kalle ni ta kalle shi, ta tura baki.

Ni kuwa ina lura. Na ga baffanni da yawa a rayuwata, har a lokacin. Baffa in yaro ya nace, ga abu da araha, saya yake yi, a yi murna, in ya lalace a ce ƙaddara. Wannan mutumin kuwa ya yarda yarinya ta yi fushi da shi yau don kada ta yi kuka wata uku masu zuwa. Ban taɓa ganin wanda ke yi mini haka ba sai Baba.

Na jawo littafin. A shafin shuɗin jirgin akwai ɗan zanensa daga sama da daga gefe, da tsawon fiffike a rubuce. Na ɗauki guntun karyayyen katakon na auna a tafin hannu. Ba nauyi, kamar totuwa.

"Mai rediyo, me ya sa sai katakon Turawa? Wannan ai tukurwa ta kusa kai shi rashin nauyi. Yarana 'yan aji biyar da ita suke ƙera mota. Ga zane, ga tsawo. In na ninka ma'aunin na fitar maka da shi a takardar siminti, ba za ka iya yankawa ba?"

Ya karɓi guntun, ya juya shi. Na ga kansa ya fara aiki. "Haƙarƙarin fiffike da tukurwa... ƙashin bayan kuma da falankin akwatin shayi. Zai ɗan fi nauyi. Sai mu ƙara masa faɗin fiffike kaɗan." Ya ɗago, idonsa yana ƙyalli. "In ya karye kuma, kasuwar Nguru ce kantinmu."

"Zai yi juyi?" in ji Zinariya.

"Sau ɗaya, in an yi nisa da ƙasa."

"Zan zana masa haƙora?"

"Wannan tsakaninki da Malama."

Ta yi tsalle har ta kusa ture garwashin. Sai ta tsaya cak. "To da me za mu rufe fiffiken? Takardar Ba'indiye ta ƙare."

"Ruwan da ake shafawa ya ɗame akwai rabin gwangwani," ya ce. "Kyalle ne babu. Sai marar nauyi, mai ƙarfi. Siliki ake so."

Ban yi shawara da kowa ba, har da zuciyata. Na ja lafayata na rufe kai, na zare koren ɗankwalin daga ƙarƙashi, na ajiye a kan teburi.

Laminu ya gane shi. Fuskarsa ta canza. Ya kalli ɗankwalin, ya kalle ni, yana son ya san kyauta na yi ko mayar masa da kayansa na fara. Gaskiya jama'a, ni kaina a lokacin ban sani ba.

"Zinariya," na ce, "je ki kasuwa wajen masu gadon tukurwa, ki ce su zaɓar miki busasshiya guda biyu, miƙaƙƙu. Ki ɗaga ki ji wadda ta fi rashin nauyi."

Ta fita da gudu, takalmi ɗaya a ƙafa ɗaya a hannu. Shagon ya rage daga ni sai shi, sai wata rediyo da ke ta ƙara a kan kanta. Ya miƙa hannu ya kashe ta.

Na zaro jan birona daga jaka, na shimfiɗa silikin, na danne gefensa da tafin hannu.

"Jirgi ba ya tashi ba suna. Zan rubuta na mai shi a nan, in ya so a bi da fenti. Faɗa mini."

Ya yi 'yar dariya. "Ai kin san shi, Malama."

"Na sani. A bakinka nake son ji."

"Ki rubuta Matuƙiya."

"Ba shi aka raɗa mata ba."

"Kawo biron in rubuta."

"Wasiƙa tara ka rubuto mini, ba ka rubuta shi ba. Jiya jirgi zai faɗa kan shanu, ka kira Sabitu, ba ka kira ta ba. Ba sunan mahaifiyarka ta ci ba, na tambaya." Na ƙara riƙe birona. "Maiturare ta kai magana gidanmu. Baba zai aiko ranar Juma'a, ya ce in an ɓoye masa abu a mayar da kaya. Ni ban zo da maganar Maiturare ba, Malam Laminu, da kunnena na zo. Kalma ɗaya ce. Ka faɗe ta, in shiga motar Kalli in je in ce wa Baba ƙarya ake yi maka."

Ya buɗe baki. Na ga harshensa ya hau bayan haƙora, inda sunan zai fara. Na ƙura masa ido, wallahi ina roƙon Allah a zuciyata ya fito. Ya rufe bakin. Ya cire hularsa ya ajiye kusa da ɗankwalin, ya zauna a kan benci kamar wanda ya yi tafiyar yini. Daga nesa ina jiyo muryar yarinyar tana ce wa wani ya matsa mata hanya, tukurwarta doguwa ce.

"'Yata ce," ya ce. "Ta fari, kuma ita kaɗai. Uwarta ta rasu kwana uku da haihuwarta, a rugarmu ta wajen Jakusko. Na ɗauke ta na miƙa wa yayana Hamajoɗa tun ba a yi suna ba, na yi masa alkawarin ba zan taɓa cewa tawa ce ba. Ita ba ta sani ba."